YARON DA A KE TUHUMA DA ZUB DA JINI: A YI MASA SHARI'AR MANYA?

Abin karatu: Farawa 4:8-15, Littafin Lissafi 14:26-33 da 35:9-34, Ezekiel 18:19-32, Luka 12:47-48.

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata mai nauyi ne. Idan an kama yaro ɗan shekara 14 ko 16, aka ce ya kashe mutum, ko ya yi fashi, ko yana cikin masu satar mutane, yaya za a yi da shi? A tsai da shi gaban alƙali kamar magidanci, a ɗaure shi tare da manya, in ta kama a kashe shi? Ko kuwa akwai wata hanya dabam domin yaro?

Mu mutanen Yauri da Ngaski da Shanga ba daga nesa mu ke jin wannan magana ba. Ran 17 ga watan Yuni, 2021, mutanen Dogo Giɗe suka faɗa wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana, suka kashe ɗan sanda, suka kwashe ɗalibai da malamai zuwa daji. 'Yan matan ƙarshe ba su komo hannun iyayensu ba sai cikin 2023. Waɗanda aka sace yara ne. Amma mutane da yawa da suka kuɓuta daga hannun 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Neja sun ba da labari cewa cikin masu tsaronsu akwai samari waɗanda ko gemu bai tsiro musu ba. Ga yaro a bakin bindiga, ga kuma yaro riƙe da ita. Ran da za a kamo irin wannan yaro a kawo shi cikin gari, mutanen Allah suna bukatar su san abin da za su faɗi da abin da za su yi.

1. SHARI'U BIYU DA SUKA FARU

A watan Afrilu, 2014, a wani ƙauye na ƙasar Gaya a Jihar Kano, aka kama wata yarinya 'yar shekara 14 wadda aka aurar ba da daɗewa ba. Aka tuhume ta da sa maganin ɓera cikin abinci. Mijinta, mai shekara 35, ya mutu tare da waɗansu mutum uku. Aka kai ta Babbar Kotu a Gezawa, masu gabatar da ƙara kuma suka nemi hukuncin kisa. Mutane suka rabu biyu. Waɗansu suka ce matar aure ce, tun da shi ke ta isa aure ta isa shari'a. Waɗansu suka ce yarinya ce da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta. Cikin 2015 gwamnatin jiha ta janye ƙarar, aka sake ta. Gidaje huɗu kuwa sun rasa mutanensu, ba wanda zai komo musu da su.

Ta biyu ta fi kusa da zamaninmu. A farkon watan Agusta, 2024, aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa. A Kano da Kaduna abin ya zama fashe-fashe da ƙone-ƙone da wawashe kaya, aka kama mutane masu yawa. Ran 1 ga Nuwamba aka gabatar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa da ɓarnar dukiya. Wajen 30 daga cikinsu yara ne tsakanin shekara 14 da 17. Sun yi kusan wata uku a tsare, sun rame ƙwarai, har huɗu suka faɗi cikin kotu. Aka sa belin kowanne a kan naira miliyan 10. Lauyan gwamnati ya gaya wa 'yan jarida cewa ba yara ba ne, manya ne. Da hotunansu suka bazu, ƙasa ta ɗauki kuka. Ran 4 ga Nuwamba Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni a sake su, washegari kotu ta kori ƙarar, aka danƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna.

Ku lura da abu ɗaya. Cikin shari'un nan biyu an fara da ɗaukar yaro a matsayin babba, an ƙare da sakinsa ba tare da an kai ƙarshen magana ba. Na farin ya yi wa yaro nauyi, na biyun bai share hawayen wanda aka cuta ba. Lalle akwai hanya tsakanin waɗannan biyu, ita ce mu ke nema.

2. YAUSHE YARO YA KE ZAMA BABBA?

A bakin tafkin Kainji yaro yakan shiga aikin manya da wuri. Ɗan shekara 13 yana tuƙa jirgi shi kaɗai, yana jefa birgi, yana riƙe garma daga safe har azahar. Wani yana haya da babur, wani yana cikin ramin zinariya. Saboda wannan mukan ce, ai wane ya zama mutum. A zamanin En'e ma ido ne ma'auni: sa'ad da aka ga yaro ya yi ƙirji, sai a rubuta shi cikin masu biyan haraji.

Amma ƙarfin hannu dabam, hankali dabam. Kakanninmu sun sani, shi ya sa suka ce ƙuruciya dangin hauka. Likitoci kuwa sun gwada, sun tarar sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi, wanda ya ke auna ƙarshen abu ya kuma tsai da mutum sa'ad da zuciya ta tashi, ba ya gama girma sai wajen shekara 25. Saurayi ya san kisa mugun abu ne. Abin da bai ƙware ba shi ne ya ce a'a sa'ad da abokai ke zuga shi, ko maigidansa ya daka masa tsawa, ko ƙwaya ta hau masa kai. Bisa ga irin wannan dalili Kotun Ƙoli ta Amurka ta hana, cikin 2005, a kashe kowane mutum saboda laifin da ya yi kafin ya cika shekara 18.

3. ABIN DA DOKAR ƘASA TA FAƊI

Dokar hukunta laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki cikin 1960, ta ce abin da yaro ya yi kafin ya kai shekara 7 ba laifi ba ne a gaban shari'a. Daga 7 zuwa 12 kuma sai an tabbata hankalinsa ya isa gane abin da ya yi.

Cikin 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a kan hakkin yara, Nijeriya ta amince da ita cikin 1991. Yarjejeniyar ta hana hukuncin kisa a kan laifin da aka yi kafin shekara 18, ta ce kuma a raba yaron da ke tsare da manya. Sa'an nan cikin 2003 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Hakkin Yara. A cikinta yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Idan an tuhume shi, ta hanyar shari'ar yara za a bi da shi, a kotun iyali. Ba a yanke masa hukuncin kisa, ba a kai shi gidan yarin manya. Jihar Kebbi ta yi tata dokar yara cikin 2022, a zamanin Gwamna Atiku Bagudu.

Kada wani ya ce dokar nan ta ba yaro izinin kisa. Dokar 2003 ta yarda, idan laifin babba ne kamar neman kashe mutum ko fashi ko yi wa wani mummunan rauni, alƙali ya ba da umurni a tsare yaron har iyakar lokacin da kotu ta yanke. Bambancin shi ne wurin da za a tsare shi, da abin da a ke nufi da tsarewar, watau horo da gyara.

Matsalar tana wajen aiki. Gidajen horon samari na Gwamnatin Tarayya, waɗanda a ke kira Bostal, suna Kaduna da Ilorin da Abekuta, duk nesa da mu. Yara da yawa na ƙauyukanmu kuma ba su da takardar haihuwa. Sa'ad da aka kama yaro, wanda ya rubuta ƙara shi ya ke rubuta shekaru. In ya rubuta 19, wa zai musa, da wace shaida? Ta haka ɗan shekara 15 ya ke kwana ɗaki ɗaya da ɗan fashi mai shekara 40. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya shiga da laifi ɗaya yakan fito da sana'a.

4. ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA

Na fari, jinin mutum ba abin wasa ba ne, ko wane ne ya zubar. Cikin Farawa 4 Allah da kansa ya tambayi Kayinu inda ɗan'uwansa ya ke, ya kuwa hukunta shi. Littafin Lissafi 35:33 ya nuna jinin da aka zubar yana ƙazantar da ƙasa. Misalai 20:11 ya tuna mana cewa ko yaro ana gane halinsa ta wurin ayyukansa. Romawa 13 ta ba mahukunta ikon hukunta mai mugunta. Saboda haka mai bi ba zai ce, ai yaro ne, a bar shi ya tafi gida ba. Wannan ba jinƙai ba ne, sakaci ne irin na Eli, wanda ya san muguntar 'ya'yansa bai hana su ba (1 Samuila 3:13).

Na biyu, Allah ya bambanta babba da yaro wajen hukunci. Sa'ad da Isra'ila suka tayar a jeji, hukuncin mutuwa cikin jeji ya faɗa a kan 'yan shekara 20 zuwa sama. Na ƙasa da haka suka rayu, suka shiga ƙasar alkawari (Littafin Lissafi 14:29-31). Babu shakka cikin taron da ya yi gunaguni a daren nan akwai samari 'yan shekara 16 da 18 waɗanda muryarsu ta fi ta iyayensu ƙarfi. Duk da haka Allah bai ɗora musu nauyin iyayensu ba. Ba mu ce shekara 20 ita ce dokar kotu ta yau ba. Abin da mu ke gani shi ne, Alƙalin dukan duniya yana duban shekaru. Ubangiji Yesu kuma ya ba da misalin bayi biyu waɗanda suka yi laifi: wanda ya san nufin ubangijinsa ya sha duka mai yawa, wanda bai sani ba ya sha kaɗan (Luka 12:47-48). Dukansu an hore su, amma ba da mudu ɗaya ba.

Na uku, babu hukunci a bakin hanya. Allah ya sa wa Kayinu alama domin kada wanda ya gamu da shi ya kashe shi. Ya kuma sa aka keɓe birane shida na mafaka, domin wanda ya kashe mutum ya gudu can, kada mai ramuwa ya taɓa shi kafin ya tsaya gaban taron jama'a. Ba a kashe mutum bisa bakin shaida ɗaya (Littafin Lissafi 35:12, 30). Idan haka ne ga babba, balle yaro. Ku tuna fa, taken darasinmu ya ce wanda a ke tuhuma. Tuhuma ba tabbaci ba ce. Taron da ya fusata a kasuwa ba ya tambayar shekaru, ba ya neman shaida. Yaro yana iya mutuwa saboda kamanninsa, ko harshensa, ko domin wani mai jin haushin ubansa ya ce shi ne ke kai wa 'yan bindiga labari. Fitowa 23:2 ta hana mu bin taro zuwa aikin mugunta.

Na huɗu, nauyi mafi girma yana kan wanda ya sa yaron. Yaro ba ya sayen bindigar yaƙi da kuɗin kifi. Wani babba ne ya ba shi, ya ba shi ƙwaya, ya nuna masa gidan da za a shiga. Waɗansu yaran ma sato su aka yi, aka ce su yi ko a kashe su. Cikin Matta 18:6 Ubangijinmu ya faɗi magana mai ban tsoro a kan wanda ya sa ƙarami tuntuɓe, har ya ambaci dutsen niƙa da zurfin teku. Mu da ke zaune bakin ruwa mun san abin da wannan ke nufi. Shari'ar da ta murƙushe yaro ta bar maigidansa a daji ta sare reshe ne ta bar gindi.

Na biyar, Allah yana neman juyowar mai laifi. Ezekiel 18 ya koya mana abu biyu tare: kowa zai ɗauki laifin kansa, Allah kuma ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu. Ku dubi Manassa. Ya hau sarauta yana ɗan shekara 12, ya girma cikin mugunta, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi (2 Sarakuna 21). Amma da aka kai shi Babila a ɗaure, ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya ji shi, ya komo ya kawar da gumaka (2 Labarbaru 33). Ɗaurin ya zama masa makaranta. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, yaro ɗan shekara 15 kuwa ɗanye ne tukuna.

5. MASU CEWA A YI MUSU SHARI'AR MANYA

Kada mu raina 'yan'uwan da ke da wannan ra'ayi, gama da yawa cikinsu sun binne nasu. Matar da aka kashe wa miji za ta ce, harsashin yaro da na babba duk rami ɗaya su ke yi. Gaskiyarta. Hukunci dai ba ya auna rauni kaɗai, yana auna wanda ya yi. Tun zamanin Musa an bambanta wanda ya kashe da gangan da wanda ya kashe ba da nufi ba, ko da shi ke gawa ɗaya ce. Abin da ya wajaba ga matar nan shi ne a yi shari'a ta gaskiya, a ji bakinta, a tsare wanda ya yi, a biɗi wanda ya aiko shi, ekklesiya kuma ta riƙe ta da marayunta.

Wani zai ce, in an sassauta wa yara, 'yan bindiga za su ƙara ɗibar yara. Wannan ma abin dubawa ne. Amma ɗan bindiga ba ya karanta doka kafin ya ɗauki yaro. Yana ɗaukarsa domin yaro ba shi da tsada, ba ya gardama, bai san tsoro ba. In an kashe wannan, gobe zai samo wani daga cikin waɗanda ba su makaranta, ba su da sana'a. Yaron da ya san in ya fito daga daji za a kashe shi nan take ba zai fito ba. Wanda ya san akwai shari'a da horo, bayan horo kuma akwai rai, yana da dalilin ajiye bindiga.

Amsarmu ke nan: yaron da a ke tuhuma da zub da jini ya tsaya gaban shari'a, amma shari'ar yara. In an same shi da laifi a tsare shi gwargwadon laifinsa, a wurin da ba manya, inda za a koya masa karatu da sana'a da tsoron Allah. Kada a kashe shi, kada kuma a sake shi kamar ba abin da ya faru.

6. AIKIN DA KE GABANMU

Kowane mai gida ya nema wa 'ya'yansa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun suna ƙanana. Magatakardan ekklesiya kuma ya rubuta ranar haihuwar kowane jariri da aka kawo domin miƙawa, ya adana littafin inda gara da ruwa ba za su ci ba. Wata rana layi ɗaya cikin littafin nan zai iya raba yaro da gidan yarin manya.

Idan an kama yaro a garinku, dattawa su yi sauri su tsaya tsakaninsa da taro, su kai shi hannun hakimi ko 'yan sanda da ransa. Membobinmu da ke cikin 'yan banga su tuna aikinsu kamu ne, hukunci na alƙali ne. Wannan ya shafi kowane yaro, na ekklesiya ko na maƙwabci, Bakambare ko Bagunge, Bahaushe ko Bafillace.

Idan ɗanka ne ya yi laifin, kada ka ɓoye shi, kada kuma ka ce ba ka san shi ba. Ka raka shi gaban hukuma, ka faɗi shekarunsa na gaskiya, ba ƙari ba ragi, ka nemi a bi da shi bisa dokar yara.

Mu ziyarci yaran da ke tsare, gama Ubangiji ya lissafta wannan cikin ayyukan da aka yi masa (Matta 25:36). Mu ziyarci gidajen da aka yi wa rashi, da hatsi a hannu. Sa'ad da yaro ya gama horonsa ya komo, a sami mai jirgi ko kafinta ko tela wanda zai ɗauke shi aiki, domin kada yunwa da gori su mai da shi inda ya fito.

Fiye da duka, mu san inda 'ya'yanmu su ke kwana, da wanda ya saya musu waya, da inda kuɗin aljihunsu ya fito. Tambayar da uba ya yi a gida da wuri ta fi wadda alƙali zai yi daga baya sauƙi.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Don me Allah ya hukunta Kayinu, ya kuma hana mutane su kashe shi?
2. Mene ne Littafin Lissafi 14:29-31 ya koya mana a kan shekaru da nauyin laifi?
3. Cikin shari'un nan biyu na Gezawa da Abuja, wa aka yi wa adalci, wa kuma aka bari?
4. Idan taro ya kama yaro a kasuwar garinku, mene ne dattawan ekklesiya za su yi, wa za su fara kira?
5. Yara nawa ne cikin ekklesiyarku ba su da takardar haihuwa? Wa zai ɗauki nauyin wannan aiki kafin ƙarshen wata?

ABIN ADDU'A

Ku yi addu'a domin iyalan da aka kashe wa mutane, da ɗaliban da suka komo daga daji, da yaran da ke riƙe da bindiga yanzu, domin Allah ya buɗe musu hanyar fita. Ku roƙa wa alƙalai da hakimai da 'yan sanda hikima da tsoron Allah.